Yadda ake gyara idan sandar famfon mai ta ƙi zama lokacin haɗa inji

Wannan maganar ta tsofaffin injinan V8 ce irin su Chevrolet 350 da Ford 302, wadanda distiributa (na'urar da ke raba wuta zuwa fulogi) ce ke juya famfon baƙin mai ta hanyar wata siririyar sanda. Injinan zamani da yawa karanshaf (babban sandan da fistoci ke juyawa a ƙasan inji) ne ke juya famfon kai tsaye, su babu ruwansu da wannan.

Da farko, sandar nan ta ƙasa take shiga, tare da famfon, tun kafin a rufe kaskon mai. Idan ka riga ka ɗaure kasko ka ga sanda na nan kan benci tana kallonka, to sai haƙuri, sake kwancewa zaka yi. A Chevrolet akwai ɗan hannun roba da ke riƙe sandar a kan famfo, sabo ake sawa kullum, tsohon ya sha zafi da ka matsa shi zai tsage. Ni na fi son sanda mai hannun ƙarfe. Kusar famfon Chevrolet kuma 65 ft-lb (ma'aunin ƙarfin ɗaure kusa) ake ɗaure ta.

Ta Ford mai kusurwa shida ce, inci 1/4 a 302, 5/16 a injin Ford 351W, kar ka musanya su. Tana da ƙaramin kilif wanda yake zama ta gefen sama, aikinsa shi ne ya tokare jikin bulok don kar sandar ta biyo distiributa ranar da aka zare ta. In babu shi sandar zata tashi ta zame ta faɗa cikin kasko, kaji ƙaras, shikenan aiki ya dawo sabo.

To yanzu babbar matsalar: ka zura distiributa ta shiga amma ta tsaya saura kaɗan ta zauna. Haƙoran giyar ƙasan distiributa sun kama, bakin sandar ne bai dace ba. Don Allah kar ka ɗaure kilam ɗin da ke riƙe distiributa ka ce zai ja ta ƙasa, kuma kar ka kawo guduma kusa, haka ake fasa famfo ko a lanƙwasa sanda kuma ba zaka sani ba sai inji ya tashi babu mai. In Chevrolet ce, zare distiributar, haska tocila cikin ramin ka ga inda tsagar sandar ta fuskanta, sa dogon sukudireba ka juya ta kaɗan, sake gwadawa. Ka tuna haƙoran giyar a karkace suke, rota, wato abin da ke juyawa a saman distiributa, tana ɗan juyawa yayin da take sauka, shi yasa zaka fara ta baya kaɗan da inda kake so ta tsaya. Ko kuma ka bar ta a ciki, ka danna a hankali da tafin hannu wani ya juya karanshaf da sifana, zaka ji ta faɗa da kanta.

Idan duk da haka ta ƙi, duba tsawo. A Chevrolet, bulok ko hed da aka kankare a wajen injin aska ƙarfe yana rage tazara, sai distiributa ta dira kan sandar. Gwada ta babu gaskit, in ta zauna lif kuma ka ɗaga rota kaji ɗan wasa sama da ƙasa to lafiya. In babu wasa ko kaɗan a ƙara mata wosha a wuya, ko a duba ko sandar wani injin aka baka.

Kafin ka tada inji, juya famfon da na'urar huda ta ramin distiributa. Chevrolet yadda hannun agogo ke tafiya, Ford kuma akasin haka. Zaka ji na'urar ta yi nauyi a hannunka idan mai ya kama, ci gaba har sai gejin mai ya tashi kuma mai ya fara tsiyaya a saman hed ta bangarorin biyu.