Kurakuran da muke yi wajen koya wa ƙananan yara abin ci da wanda ba na ci ba

Yaro ɗan shekara biyu zuwa biyar da baki yake sanin duniya. Duk abin da ya tsinta a tsakar gida, tsakuwa ce ko murfin kwalba, sai ya ɗanɗana. Na daɗe ina koyar da 'yan ajin reno a nan Katsina, kuma na lura yawancin ruɗanin yaran nan mu manya muke jefa su a ciki.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne zuba abin da ba na ci ba a mazubin abinci: kalanzir a robar lemo, fiya-fiya a kwalbar ruwa, jiƙaƙƙiyar sodar haɗa sabulu a kofin silba. Bara 'yar ƙanwata mai shekara uku ta shigo daga wasa da ƙishirwa, ta ga robar lemo a bayan ƙyaure, ta kafa kai. Kalanzir ne. Sai da aka kwantar da ita a asibiti. Ina laifin yarinya? Mu muka saba mata cewa abin da ke cikin irin wannan roba na sha ne. A bar kowane abu a mazubinsa na asali, a ɗora shi inda ko ta taka kujera ba za ta kai ba. Shinkafar ɓera kuwa, wadda ko sunanta ma ruɗi ne, kada a barbaɗa ta a abinci a ajiye inda yara ke rarrafe.

Sai uwa mai lallashin yaro ya sha magani: "Haɗiye mana, alawa ce." Ranar da ya samu ƙwayoyin Kaka a ƙarƙashin filo, alawa zai ɗauke su. A kira magani da sunansa, a ce babba ne kaɗai ke bayarwa. Haka kafur da ke cikin akwatin kaya, da minti yake kama.

Tsawa da duka ma ba sa koyar da komai sai ɓuya. Yaron da aka mara don ya sa abu a baki, gobe bayan ɗaki zai zagaya, kuma in ya haɗiye ba zai faɗa ba. A ajina doka ɗaya muke maimaitawa kullum: "Kafin ka kai baki, nuna wa babba." Nakan zo da faifai biyu. Ɗaya dabino, ƙuli-ƙuli, yalo da goruba. Ɗaya sabulu, alli da maɓalli, shi kuma ba ya barin hannuna. Ina ɗagawa suna amsa "na ci!" ko "ba na ci ba!" Wanda ya kawo mini abin da ya tsinta, tafi muke yi masa. A gida ma a kama hannunsa a kai shi bakin shinge, a nuna masa bini-da-zugu, a ce 'ya'yansa sun yi kama da gyaɗa amma guba ne.

Yaron da ya nace wa cin ƙasa ko kankare bango, a kai shi a duba jininsa, don sau da yawa ƙarancin jini ke tare da wannan ɗabi'a.

In kuma tsautsayi ya faɗa, don Allah a daina ɗura wa yaro manja ko madara, a daina tura masa yatsa a maƙogwaro. Manja ba ya kashe guba. Amai yana iya tura kalanzir cikin huhu, soda kuma ta sake ƙona hanyar da ta bi. Ƙaramin batirin agogo in ya maƙale a maƙoshi, cikin awa 2 yana iya yin mummunar ɓarna, ko da yaron yana ta wasansa. A ɗauki yaro, a ɗauki robar ko ragowar abin da ya sha, a nufi asibiti mafi kusa, a gaya wa likita lokacin da abin ya faru.