Yadda ake auna ƙiba, abinci da motsa jiki a binciken cikin unguwa

Ɗaliban kiwon lafiyar al'umma da ke kawo mini maudu'in ƙiba kusan duk hanya ɗaya suke bi: su sauko da takardar tambayoyi daga intanet, su ari sikeli, su ce mako biyu ya ishe su. Maudu'in ya cancanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana da ƙiba, kuma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 28 cikin ɗari na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima. Sai dai takardar da ka sauko da ita ba ta san a kwano ɗaya muke sa hannu ba, ba ta kuma san matar da ta wuni tana daka za ta ce maka "ban yi komai ba yau". Nan aikinka yake.

Kafin komai ka samu takardar amincewa daga kwamitin ɗa'ar bincike, na ma'aikatar lafiya ta jiha ko na asibitin koyarwa. Sannan ka je ka gaida mai unguwa, ka yi masa bayani. Ka tafi da mace cikin ayarinka, don ita za ta shiga gida ta auna mata. Kuma tun a zaure ka faɗa ƙarara cewa ba rabon tallafi kuka zo ba. In ba haka ba, kowa zai ce maka jiya da ƙyar aka ɗora tukunya.

Awon jiki shi ne mafi sauƙi, shi ya sa aka fi yi masa riƙon sakainar kashi. Sikeli a kan siminti ake ajiye shi, ba kan tabarma ko yashi ba, kuma kowace safiya ka gwada shi da abin da ka san nauyinsa. A cire takalmi da babbar riga, a fitar da waya da makullai daga aljihu. Wajen tsayi a cire hula, mace kuma ta warware ɗaurin ɗankwali a cikin ɗaki gaban 'yar'uwarta mace. Lissafin da ake kira BMI shi ne ka raba nauyi a kilo da tsayi a mita sau kansa: ƙasa da 18.5 rama, daga 25 nauyi ya wuce kima, daga 30 ƙiba. Duba abin da santimita huɗu ke yi. Mace mai kilo 80 da tsayin mita 1.60 tana da 31.3, wato ƙiba. In aka auna ta da takalmi da ɗauri aka rubuta 1.64, ta koma 29.7, ta fita daga rukunin ke nan, alhali ko loma ɗaya ba ta rage ba. Masu juna biyu ba a sa su cikin wannan lissafi, yara 'yan ƙasa da shekara 19 kuma ma'auninsu dabam ne, ana gwada su da sa'o'insu.

Ni ba na karɓar aikin da ya tsaya a BMI. Ma'aunin bai bambance tsoka da kitse, bai kuma nuna inda kitsen ya taru, alhali na ciki, wato teɓa, shi ya fi alaƙa da ciwon sukari da hawan jini. Don haka ka auna ƙugu: ka laluba haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin kwankwaso, ka zagaya tef a tsakiyarsu, mutum na tsaye, bayan ya fitar da numfashi ba tare da ya shanye ciki ba. Iyakar da aka saba amfani da ita ita ce santimita 94 ga maza, 80 ga mata. Daga binciken Turawa aka aro waɗannan lambobi, ka rubuta haka a rahotonka. In tef ɗin tela ka ɗauko, ka kula kada ka karanta gefen inci.

Sai abinci, inda yawancin bincike ke rushewa. Hanyar da na fi so ita ce a sa mutum ya tuno duk abin da ya ci jiya, daga tashi barci zuwa kwanciya. Kada ka tambaya da agogo, ka bi lokutan salla: "Hajiya, bayan Asuba me kika fara sa wa a bakinki? Kafin Azahar fa? Tsakanin La'asar da Magariba?" Ka bar ta ta zayyana ba ka katse ta ba. Sai ku sake bin ranar, wannan karon kana tuna mata abubuwan da mutane ba sa ƙirgawa a abinci: shayi, lemon kwalba, zoɓo, kunun aya, gyada, rake, awara, cincin, tsiren da maigida ya shigo da shi da dare. Wani zai rantse maka sau biyu ya ci abinci, amma ya sha lemo uku a shago.

A zagaye na uku ake maganar yawa. "Na ci tuwo" ba alƙalami ba ne. Ka zo da malmala iri uku, ƙarama da matsakaiciya da babba, waɗanda ka riga ka auna a ƙaramin sikelin girki, ta nuna wadda ta yi kama da tata. Haka ludayin kunu, haka kofin shayi. In a kwano ɗaya aka ci, ka tambaya malmala nawa aka zuba, mutum nawa suka zauna, akwai yara a ciki, an bar saura ko an sidiye.

Miya kuwa sai wadda ta dafa. Ka ce mata mai nawa ta zuba, za ta ce "na ɗari biyar". Ka rubuta haka nan, sannan a ranar ka je wurin mai awon da take saye, ka sayi na ɗari biyar ɗin, ka auna. Kada ka bari sai wata mai zuwa, farashi ba ya jiran ɗalibi. Wannan wahalar ta zama dole, domin giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na garin tuwo ko sukari kusan 4, don haka kuskuren rabin ludayin man gyaɗa ko manja ba ƙarami ba ne. Ka ƙirga dunƙulen ɗanɗano ma, gishiri ne mafi yawansa, kuma iyakar da Hukumar Lafiya ta ba babba ƙasa da giram 5 ce a rana. Wurin mai shayi, ka zauna a benci ka sayi kofi, ka ga da idonka cokali nawa na sukari yake zubawa kafin madara. Mai sha bai sani ba. Bayan ka tattara, ka juya giram zuwa kalori da teburin sinadaran abincin Afirka ta Yamma na Hukumar Abinci da Noma ta Duniya, bugun 2019, ba teburin Amurka ba.

Rana ɗaya ba ta nuna cimar mutum. Ka maimaita a wata rana da ba ta biye da ta farko ba, ko da ga wani ɓangare na mutanen ne. Ka kauce wa watan azumi da makon Salla, ka tambaya ko jiya an yi biki ko suna, ko mutum na azumin Litinin da Alhamis. Ka rubuta lokacin shekara, don tukunyar kaka dabam take da ta tsakiyar damina. An kuma daɗe da tabbatar da cewa masu ƙiba sun fi rage abin da suke faɗa. Tambaya ɗaya da ba za ka gani a takardun waje ba, a yi ta a keɓe, mace ga mace: ko tana shan maganin ƙara jiki, irin wanda ake kira sha-ka-fashe.

Ga motsa jiki akwai takardu biyu sanannu. GPAQ ta Hukumar Lafiya tana da tambayoyi 16, ta raba rana zuwa aiki, zirga-zirga da nishaɗi, sai zama. IPAQ kuwa gajeriyarta tana da fassarar Hausa da Adewale Oyeyemi da abokan aikinsa na Jami'ar Maiduguri suka gwada ingancinta, aka buga a 2011. Ka nemi wannan maimakon ka fassara da kanka a daren fita. Ko wacce ka ɗauka, kada ka ce "kina motsa jiki?" Za ta ɗauka gudu ko ƙwallo kake nufi. Ka ce "wane aiki kike yi da ke sa ki haki?", ka kawo misali: surfe, daka, jan ruwa a rijiya, wanki, faskare. Ga maza, noma, dako, turin kurar ruwa. Ana ninka mintin aiki matsakaici sau 4, mai tsanani sau 8, wanda jimillarsa ta kai 600 a mako ya cika shawarar Hukumar Lafiya ta yin minti 150 na aiki matsakaici a mako. A lissafin GPAQ, tafiyar minti 30 kwana biyar ta kai.

Ka lura, GPAQ tana ƙirga abin da ya kai minti 10 a jere ne kawai, saboda haka dattijon da ke taka minti biyar zuwa masallaci sau biyar a rana zai fito kamar ba ya motsi, ko da yake ƙa'idojin Hukumar Lafiya na 2020 sun ce kowane motsi yana da amfani. Kada ka canza tambayar da ke cikin takardar, don a iya gwada sakamakonka da na wasu, ka ƙara taka a ƙarshe. Ka kuma tambayi awannin zama da gaske: tela, mai shago, ɗan adaidaita, da zaman majalisa bayan Isha'i.

Wajen rubutu, binciken da aka yi a lokaci ɗaya alaƙa kawai yake nunawa. In ka ga masu ƙiba sun fi kowa guje wa sukari, mai yiwuwa likita ne ya hana su bayan ciwo ya kama su, don haka ka sa tambayar ko an taɓa ce wa mutum ya canza abinci, da kuma yaushe. Duk wanda ka auna, ka rubuta masa sakamakonsa a 'yar takarda, wanda awonsa ya yi yawa ka tura shi asibitin sha-ka-tafi mafi kusa a duba jininsa da sukarinsa.