Kafin ka miƙa kuɗin gida, ga abubuwan da ya kamata ka duba

Tambayar da aka fi yi min ita ce wai in mutum ya samu gida ya masa, me zai fara yi? Toh ni dai amsata kullum ɗaya ce, kar ka ba kowa ko sisi sai ka ga mai gidan ido da ido ka kuma ga takardu. Dillali zai ce maka ai akwai wani Alhaji da ya taya jiya, in ba ka ajiye kafin alƙalami yau ba gobe ya tafi. Ƙyale shi ya tafi ɗin. Wannan Alhajin kusan kowane gida shi ke tayawa amma har yau ba a taɓa ganinsa ba.

Maganar takardu ita ce mai tsawo. Tun dokar ƙasa ta 1978 filayen jiha a hannun gwamna suke, kai abin da ake ba ka shi ne izinin zama, wato satifiket ɗin mallaka da ake kira C of O, galibi na shekara 99 in gidan zama ne. In gidan yana da shi, karɓi fotokwafi ka je da ƙafarka ofishin filaye a duba maka fayil, a Kano KANGIS, a Kaduna KADGIS, Abuja kuma AGIS. Abin da kake son sani shi ne sunan da ke fayil ɗin shi ne na mai sayar maka? An jinginar da gidan a banki? Akwai bashin kuɗin ƙasa da ya taru? Don wani sai ya kai asalin takarda banki ya ci bashi sannan ya zo yana nuna maka kwafi yana cewa ainihin ta ɓace a tashin gida, in ka ji wannan labarin ka ja baya tukuna.

Amma mu faɗi gaskiya, yawancin gidajen unguwanninmu awon igiya ne, babu wani satifiket, takardar ciniki ce kawai da sa hannun mai unguwa da shaidu. Ba haramun ba ne ka saya, mutane da yawa a irinsu suke zaune lafiya, sai dai binciken ya koma kanka. Ka je gun mai unguwa da dagaci kai kaɗai ba tare da dillalin ba, ka tambayi maƙwabta na dama da na hagu, har mai shagon bakin layi ka sayi lemo ka ja shi da hira, su ne za su gaya maka waye ya gina gidan, hannu nawa ya bi, an taɓa shari'a a kansa ko a'a. Ka nemi tsofaffin takardun cinikin baya ma duka, ba ta ƙarshe kaɗai ba.

Gidan gado kuwa nan ne ake kuka wlh. Babban wa ya zo ya ce ai shi ne wakilin kowa, ka biya, bayan shekara biyu wata ƙanwarsu da ke aure a wani gari ta dawo ta ce ita ba ta sani ba, ga ka a kotu. In an raba gadon a kotu a nuna maka takardar rabon, in ba a raba ba duk magada su zauna, mata da maza, kowa ya sa hannu ko ya dangwala, in akwai marayu ƙanana a ciki a bi ta kotu kawai. Kuma ka sani a fiƙihun Malikiyya akwai shuf'a, wanda ke da tarayya a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin ya biya kuɗin da ka biya ya karɓe kason da ka saya.

Shi kansa ginin, in da hali ka ga gida da damina. Gidan da ke sheƙi a watan Fabrairu zai iya zama kududdufi a Agusta. In rani ne kalli ƙasan bango ko akwai jiƙa da gishirin ƙasa, kalli silin ko akwai tabon yoyo, sabon fenti a ɓangare ɗaya kawai ma abin tambaya ne. Ka tafi da birkila wanda kai ka ɗauko. Ka guji gidan da ke kan hanyar ruwa ko ƙarƙashin babbar wayar wuta ko wanda ya ci titi, rusau ba ya tambayar nawa ka biya. Sannan bil ɗin wuta, a duba mita, kar ka gaji bashin NEPA na wani.

La'ada fa? An fi cewa kashi 5 cikin 100, amma ana ciniki, kuma a yanke tun farko waye zai biya da kuma dillalai nawa ne a ciki, don ranar biya sai ka ga mutum bakwai sun fito kowa ya ce shi ya haɗa.

Ranar biya a yi ta banki, cikin asusun mai sunan da ke takarda, ba na ɗansa ko na dillali ba. Lauya ya rubuta yarjejeniya, a sa girman filin da iyakokinsa na gabas da yamma kudu da arewa, kuɗin da aka biya, ranar da za a ba da makulli, shaidu kowane ɓangare su sa hannu. In mai satifiket ne sai a nemi amincewar gwamna a juya sunan, mutane suna gudun wannan saboda kuɗi da zirga-zirga, su bar gida shekara da shekaru da sunan wani, ran da ya rasu kuma sai ka koma roƙon 'ya'yansa.

Kai kuma mai sayarwa, kar ka saki asalin takardunka sai ka buɗe asusunka ka ga kuɗin sun zauna, alat na bogi ya yi yawa yanzu. In an ba da kafin alƙalami a rubuta wa'adin cikawa da abin da zai faru in mai saye ya fasa. Aibin gidan ka faɗa, in soro na yoyo ka ce yana yoyo. In da 'yan haya a ciki ka sanar da su da wuri ka kuma gaya wa mai saye yaushe kuɗinsu zai ƙare, sannan kar ka ce na sallama sai ka san inda za ka kai iyalinka, don na ga wanda ya sayar, kafin ya samu wani gidan farashi ya tashi, ya ƙare a haya a bayan layin da ya bari.