Huda Filin Ciyawa Idan Ƙasarsa Ta Danƙare

Darasi na 1: Gane ƙasar da ta danƙare

Filin da ake yawan takawa, ƙasarsa matsewa take yi har ta danƙare. Ruwa sai ya kwanta a sama, iska ba ta kai wa saiwa, ciyawa ta yi rawaya, wasu wurare su zama fako. Ku sami sukudireba ko doguwar ƙusa ku soka a ƙasa bayan an yi ruwa. Idan ta shige tsawon yatsa ba wahala, ƙasa lafiya lau take. Idan ta cije tun a sama, to huda ta kama, wato yin ƙananan ramuka a filin don ruwa da iska su kai wa saiwa.

Darasi na 2: Laimar ƙasa

Nan aka fi yin tuntuɓe, saboda haka mu bi a hankali. Ba a huda busasshiyar ƙasa, ba a kuma huda mai caɓi. A ba fili ruwa yau, a huda gobe. Ku maimaita: yau ruwa, gobe huda.

Kafin ku ɗauki kayan aiki, ku tono ƙasa cikin hannu ɗaya ku dunƙula. Idan ta dunƙulu, kuka danna ta da yatsa ta warwatse, ta yi daidai. Idan ta ƙi dunƙuluwa, ta bushe, a ƙara ruwa a jira gobe. Idan ta liƙe a tafin hannu tana sheƙi, ruwa ya yi yawa, a ba ta kwana ɗaya ko biyu. Wanda bai gane a karon farko ba, kada ya damu, ya sake dunƙulawa, hannu zai saba.

Ga dalili. Busasshiyar ƙasa ba ta barin ƙarfe ya nutse, wahalar banza za ku sha. Mai caɓi kuwa, ƙarfen zai shafe gefen ramin sumul kamar an yi wa bango yaɓe, ruwa ba zai ratsa ba, ga ƙafafunku suna ƙara danne ta. Duk da haka sai ka ga mutum ya kwarara ruwa yanzu, ya hau huda nan take. Haba jama'a! Gaggawar me ake yi? Dunƙula tukuna. Yau ruwa, gobe huda.

Darasi na 3: Huda

A fara rage tsawon ciyawar, a sa alama duk inda bututun ruwa ko wayar wuta ta bi ta ƙarƙashi. Mahudi mai bututu, wato ƙarfen huda mai rami a ciki, ya fi kyau, musamman a ƙasar yumɓu, domin yana zaro ƙasar waje gunduwa-gunduwa. Idan babu, babban cokali mai yatsu na lambu zai yi: a taka shi ya nutse santimita 8 zuwa 10, a ɗan girgiza gaba da baya, a zare. Tsakanin huda da huda santimita 10 zuwa 15, wato kamar faɗin tafin hannu. A riƙa ja da baya don kada a taka ramukan. Kun dai dunƙula ƙasar kafin ku fara ko?

Darasi na 4: Bayan huda

A bar gunduwoyin su bushe, su farfashe a wurin. A barbaɗa ruɓaɓɓen taki haɗe da yashi, a ja da manjagara ya shiga ramuka, a ba da ruwa.

Darasi na 5: Lokaci

Sau ɗaya a shekara, lokacin da ciyawa ke tsiro sosai. Ban da lokacin fari.