Bashin gida a Faransa: ciniki ne, amma da takarda ake yin sa

Da na zo hutu Yamai daga Faransa bana, kusan duk dare a fadar unguwarmu ta Bukoki sai an tsare ni da maganar gida. Ɗan yayata, wanda ya samu aiki a Liyon kuma yake shirin tafiya, shi ya fi matsa mini. Ana zuba shayi na biyu ya ce, "Kawu, yaya aka yi banki ya ba ka bashin gida da sauƙin ruwa, alhali abokinka da kuke aiki wuri guda an tsuga masa?" Na ce masa amsar ta fi ƙarfin kofi uku, bari in rubuta, saura ma su amfana.

Da farko, maganar riba. Ni ba malami ba ne. Akwai waɗanda suka zaɓi haya har ƙarshen zamansu don kauce wa kuɗin ruwa, akwai masu neman hanyar murabaha, wato banki ya sayi gidan ya sayar maka da ƙari a kan farashinsa, wadda ake samu a Faransa amma da ƙaranci. Kowa ya tambayi malamin da ya yarda da shi. Wannan rubutu na wanda ya riga ya yanke shawara ne.

A Tawa, in kana neman bashi, sanin asalinka ya wadatar: ɗan gidan wane ne, ba ya cin amana. A Faransa kuwa ba wanda ya san ubanka. Kuma Faransa ba ta da irin makin nan da Amurka ke ba mai biyan bashi a kan lokaci. Abin da Babban Bankin Faransa ke riƙe da shi rajistar waɗanda suka gaza ce: ka kasa biyan kason bashi wata biyu a jere, sunanka na iya shiga wannan rajista da ake kira FICP, ya zauna har shekara 5 in ba ka warware ba. To da me za su san kai mai amana ne? Da takardun asusunka na wata uku na ƙarshe, da takardun albashi uku, da takardun harajinka. Ma'aikacin banki zai bi su layi-layi kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.

Nan na fara faɗuwa. Karon farko da na nema, wani banki ya ƙi ni, alhali albashina ya isa. Dalili? Sau biyu asusuna ya wuce sifili, abin da suke kira dekuber, saboda na aiko da kuɗin ragon layya kafin albashi ya shigo. Kwana uku kacal ne, amma yana nan a rubuce. Ban ce kada ka aiko gida ba, wanda ya bar iyaye a baya dole ya aiko. Sai dai ka tsayar da adadi guda, ka tura bayan albashi ya sauka, yadda zai fito a matsayin tsari. Caca ta intanet kuwa, ko ta ƙwallo ce ta Yuro biyar, kada ta bayyana a asusunka ko sau ɗaya. Ƙananan basussukan waya da talabijin da kujeru, ka biya su ka rufe kafin ka je.

Sai adashe. Mu 'yan Adar mun san darajarsa, da shi 'yan ci-rani suka gina gidaje da yawa a Tawa. Amma banki ba ya ganin adashen hannu. Ranar da ka kwashi Yuro 6,000 ka zuba a asusu, tambaya za ta biyo: daga ina? Abin da ke burge su shi ne su ga duk wata wani abu na fita daga albashi zuwa asusun ajiya, ko Yuro 100 ne, shekara biyu ba fashi. In kuma fili ka sayar a gida don ka haɗa kuɗin, riƙe takardar cinikin da shaidar turo kuɗin ta banki.

Kuɗin da za ka sa daga aljihunka, wato apor, shi ne babban makaminka. Kuɗin noter, jami'in da ke rubuta cinikin gida, yana kai kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na farashin tsohon gida, kashi 2 zuwa 3 a sabo. Bankuna sun fi son aƙalla ka ɗauki nauyin wannan da kanka. Wanda ya zo da fiye da haka, ya kuma bar ɗan abin ajiya a gefe, shi ake rage wa ruwa.

Akwai iyakar da ba ta ciniki. Tun Janairun 2022 ƙa'idar HCSF, hukumar da ke sa ido kan harkar kuɗi a Faransa, ta zama tilas ga bankuna: abin da kake biya na basussuka duk wata, har da inshorar da ke biyan bashin in ka rasu ko ka naƙasa, kada ya wuce kashi 35 cikin ɗari na kuɗin shigarka, bashin kuma kada ya wuce shekara 25, sai 'yan keɓaɓɓun lokuta. Mai samun Yuro 2,400 ke nan ba zai wuce 840 ba. Aikin dindindin, CDI, wanda aka gama watannin gwajinsa, ya fi komai buɗe ƙofa. Katin zama na shekara 10 ma ya fi na shekara guda kwantar musu da hankali.

Yanzu ciniki. Abin mamaki, mutumin da zai yi rabin awa a Katako yana taya buhun siminti, in ya shiga ofishin banki sai ya karɓi farashin farko har da godiya. Farashin farko na banki ma "nawa ka taya" ne. Je bankuna uku, ka karɓi tayin kowanne a rubuce, ka kai wa banki na farko tayin na biyu. Ko ka ɗauki dillali, kurtiye, wanda doka ta hana shi karɓar ladansa kafin a saki kuɗin bashin. Banki na son albashinka ya riƙa sauka wurinsa. Kada ka ba da wannan kyauta, a rage maka wani abu a madadinsa. Ga misali: Yuro 200,000 a shekara 25, ruwa kashi 3.5, kana biyan kusan 1,001 a wata. In ka sauko da shi 3.2, ya koma kusan 969. Yuro 32 kamar ba komai ba, amma a ƙarshe ya haura 9,500, wato sama da sefa miliyan 6.

Kuma kada ka tsaya kan adadin da aka rubuta da manyan baƙaƙe. Nemi TAEG, shi ya haɗa ruwa da inshora da kuɗin buɗe fayil da na jingina. Inshorar nan ce wurin da aka fi cin mutane ba su sani ba. Ba dole ka ɗauki ta bankin ba, in dai wadda ka kawo ta rufe abubuwa daidai da tasu. Tun 2022 dokar Lemoine ta ba ka damar canza ta duk lokacin da ka so, ta kuma soke tambayoyin lafiya ga bashin da bai wuce Yuro 200,000 a kan mutum guda ba, muddin za a gama biya kafin ka cika shekara 60. Matashi marar shan taba kamar ɗan yayata zai iya rage kuɗi sosai ta nan.

Wani abin ba hannunka ba ne. A 2021 ana ba da bashi da ruwa kusan kashi 1, ƙarshen 2023 ya haura 4. Abokin nan nawa da ake cewa an tsuga wa, rabin labarinsa ke nan: ya saya a lokacin tsada. In ruwa ya sauko sosai kuma kana farkon shekarun bashin, koma ka nemi a sake lissafi, ko wani banki ya saye bashin. Tarar biya da wuri ba ta wuce ruwan wata shida ko kashi 3 na abin da ya rage, wanda ya fi ƙanƙanta a ciki. Tun ranar farko ma kana iya neman a cire ta daga yarjejeniyar.

In tayin ya iso hannunka, doka ta ba ka kwana 10 na tunani, ba ka da ikon sa hannu sai rana ta 11, tayin kuma yana nan daram kwana 30. A kwanakin nan ka kai shi wa wani ɗan gida da ya riga ka saye, ku zauna ku karanta shi shafi-shafi. Na gaya wa ɗan yayata nasa ni zai kawo wa, shayin kuma shi zai dafa.