Yadda ake auna ƙarfin ƙungiyar jami'a a zari-rugar Amurka ta hanyar taurarin yaran da ta ɗauka

A Amurka, yaron da ya ƙware a ƙwallon zari-ruga irin tasu ba ya gama sakandare sai an riga an yi masa maki. Kamfanoni irin su 247Sports da Rivals da ESPN suna da ma'aikatan da aikinsu ke nan: kallon bidiyon wasannin yara, zuwa sansanonin gwaji, auna tsayi da nauyi da gudu, sannan su ba kowane yaro taurari, daga biyu zuwa biyar. Jami'o'i kuma su shiga zawarcin yaran da tallafin karatu. Wanda ya iya karanta waɗannan taurari zai iya faɗin, tun kafin a busa usur, ƙungiyoyin da ke da damar ɗaukar kofin ƙasa da waɗanda za su fi tura yara gasar ƙwararru ta NFL. Ga yadda ake yi.

Mataki na farko: san darajar tauraro. Tauraro biyar ba a raba shi barkatai. 247Sports kan ba yara 32 a shekara, daidai da yawan guraben zagayen farko na zaɓen 'yan wasa da NFL ke yi, wato kamfanin yana cewa ne wannan yaro yana iya kaiwa can. Masu tauraro huɗu 'yan ɗaruruwa ne, masu uku kuwa sun fi dubu. Kada ka dogara da kamfani ɗaya. Nemi haɗaɗɗen makin da 247Sports ke fitarwa, wanda yake tattara ra'ayin manyan kamfanonin wuri guda.

Mataki na biyu: haɗa shekara huɗu, ka yi lissafi. Nan ne zuciyar aikin. Ɗauki jerin yaran da jami'ar ta ɗauka a shekaru huɗun baya, ka ƙirga masu tauraro huɗu da biyar, ka raba da jimillar duka. Misali, idan ta ɗauki yara 90, kuma 54 daga ciki masu huɗu ko biyar ne, tana da kashi 60 cikin ɗari. Ɗan jarida Bud Elliott ne ya yaɗa wannan lissafi da sunan Blue-Chip Ratio, kuma abin da ya lura da shi shi ne, shekara da shekaru, kafin kakar 2025, duk wadda ta ɗauki kofi ta haura kashi 50. Cikin jami'o'i fiye da 130 da ke babban rukuni, waɗanda ke haura wannan layi a shekara ba su kai ashirin ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wasan nan na karo ne, kuma rauni ba ya ƙarewa. Ƙungiya mai matsakaicin ƙarfi za ta iya fitar da sha ɗayan farko masu kyau, amma idan ɗaya ya faɗi, wanda zai maye gurbinsa ba sa'ansa ba ne. Ita kuwa irin Alabama a zamanin koci Nick Saban, wanda ya ci mata kofi shida tsakanin 2009 da 2020, yaron da ke zaune a benci ma da ya je wata jami'ar shi ne gwarzonsu. Bambancin ya fi fitowa a layin gaba, inda ƙatti ke ture juna, domin koci na iya koyar da dabara amma ba ya iya ƙara wa yaro ƙashi. Ka duba jami'ar TCU ta jihar Texas a kakar 2022. Ta yi abin a yaba har ta kai wasan ƙarshe, sai ta haɗu da Georgia, aka tashi 65 da 7.

Mataki na uku: hango waɗanda za su tafi NFL. Doka ba ta barin yaro ya shiga zaɓen sai ya yi shekara uku da gama sakandare, don haka ka ƙara uku ko huɗu a kan shekarar da aka ɗauke shi. Georgia ce ta zo ta ɗaya wajen ɗaukar yara a 2018. A zaɓen 2022 an ɗauki 'yan wasanta 15, biyar daga ciki a zagayen farko, su biyar ɗin dukkansu 'yan ɓangaren tsaro ne.

A nan za ka ji masu musu suna kawo sunayen gwarazan NFL irin su Patrick Mahomes, wanda tauraro uku aka ba shi kafin ya je Texas Tech, ko Josh Allen da manyan jami'o'i ba su ko kalle shi ba sai da ya bi ta wata ƙaramar kwaleji zuwa Wyoming. Gaskiyarsu ne, amma lissafin nasu ya bar abu ɗaya. Masu tauraro uku sun ninka masu biyar sau da yawa, dole a samu gwaraza a cikinsu. Tambayar da ta dace ita ce: cikin kowane goma, nawa ne ke kaiwa? A nan masu biyar sun yi wa kowa fintinkau. Taurari sun fi faɗin gaskiya a kan taron yara fiye da a kan yaro ɗaya.

Mataki na huɗu: duba wa ya rage. Tun 2018 aka buɗe rajistar sauya sheƙa, daga 2021 kuma yaro na iya komawa wata jami'a ya fara buga wasa nan take, ga shi an halatta masa karɓar kuɗin talla da sunansa. Saboda haka jerin da ka lissafa a mataki na biyu yana iya zama tsohon labari. Texas A&M ta kwashi yaran da suka fi na kowa maki a 2022, ta ƙare kakar da nasara biyar da rashin nasara bakwai, yara da dama suka watse, aka kuma sallami koci Jimbo Fisher a 2023. Sake ƙirgawa da sunayen da ke cikin ƙungiyar yau, har da waɗanda suka shigo daga wasu jami'o'i.

Mataki na biyar: sa koci da mai jefa ƙwallo, wato ɗan wasan da ke jagorantar kai hari, a kan sikeli. Wannan ne ya fi muhimmanci yanzu, a ganina, kuma Indiana ce hujja. Curt Cignetti ya karɓi ƙungiyar da ta saba shan kashi, ya zo da yaransa daga jami'ar James Madison da ya baro, ya riƙa zaɓen waɗanda suka riga suka nuna aiki a fili maimakon masu suna tun sakandare. Ya ɗauko mai jefa ƙwallo Fernando Mendoza daga jami'ar California, suka buga wasa 16 ba a doke su ba, suka ci Miami 27 da 21 a wasan ƙarshe cikin Janairun 2026, alhali ba su ko kusanci kashi 50 ba. Saboda haka idan ka ga ƙungiya mai ƙarancin taurari, ka duba shekarun yaranta da yawan wasannin da suka buga a jami'a. Ɗan shekara 23 da ya yi kaka huɗu yana fafatawa yakan fi ƙarfin ɗan 18 mai tauraro biyar da bai taɓa jin karon manya ba.