Yadda Ake Raba Dattijo Mai Ciwon Mantuwa Da Tuƙin Mota

Gidaje da yawa sai an yi hatsari suke farga. Wasu kuma, irina, garaje muke yi mu ɓata abin.

Da farko ka shiga motar tare da shi kamar ɗan rakiya. Zauna gaba, ja bakinka ka yi shiru. Kada ka ce "Baba, ga kwanar nan", bari ka ga ko zai gane hanyar masallacin da ya shekara talatin yana zuwa. Lura da ƙafarsa, ko tana rikita birki da totur. A shataletale yana tsayawa cak ana ta danna masa oda? In kun sauka, zaga motar ka ƙirga sababbin ƙarce a bamba. Ka sake gwadawa gab da magariba, lokacin da masu ciwon nan suka fi rikicewa. In ya ɓata hanya a unguwarsa, ko sau ɗaya ne, a wurina magana ta ƙare.

Sai asibiti. Wani lokaci yanar ido ce, ko saukar sukari, ko maganin barci, duk ana gyara su. In likita ya ce Alzheimer ce, wato cutar ƙwaƙwalwa mai kawo mantuwa, gaba take yi, ba ta ja da baya. A Birtaniya dole ne mai ita ya sanar da hukumar lasisi ta DVLA. Mu nan nauyin na wuyan iyali.

Wajen faɗa masa ake kwaɓa ta. Ni a gaban ƙannena na ce, "Baba, tuƙi ya isa haka." Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Wa ya koya maka riƙe sitiyari?" Kwana uku bai amsa gaisuwata ba. Ɗa ba ya kafa wa uba doka, balle a gaban mutane. Nemo amininsa ko yayansa ko liman, su keɓe su biyu. Ka kuma roƙi likita ya rubuta hanin a takarda, don gobe zai rantse ba a yi maganar ba.

Kada ka sayar da motar nan take. Jika ya riƙa jan ta, Baba ya hakimce a baya. Albashin direba akwai nauyi, mu ɗan sahu muka samu muke biya duk wata. In yana lallaɓa makulli da asuba, cire kan batir, amma ka fara shirya baki da makanikensa, don shi zai fara kira.